Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyaye da malaman al'ummarmu a Arizona, kan kuɗin karatun yara na ESA

Assalamu alaikum, iyayena maza da mata, malamanmu, yayyena da ƙannena mazauna Finiks da kewaye.

Bayan gaisuwa da fatan kowa da iyalinsa suna lafiya, na rubuto ne kan wata magana da na ji a wurin suna a watan jiya, wadda har yanzu ba ta bar raina ba. Muna zaune a falo ana ta hidimar abinci, sai wata baiwar Allah ta ce wa matar da ke kusa da ita, wadda ba ta fi wata 8 da zuwa ƙasar nan ba: "Ke 'ya'yanki huɗu kina zaune? Gwamnati na raba dala 7,000 kowane yaro, ki cire su daga makaranta kawai ki cike fom." Na ga yadda idon baƙuwar ya buɗe. Na yi niyyar magana, amma taron suna ba wurin doguwar magana ba ne, kuma wadda ta faɗa ta girme ni. Da na koma gida na tarar an turo irin wannan zance a zaurenmu na WhatsApp, har wani yana cewa zai buɗe aji a garejin gidansa ya yi rajista a matsayin mai koyarwa, in kuɗi sun shigo a raba. Wannan ne ya sa na ce gara in rubuta, kowa ya karanta a natse.

Ni ba lauya ba ce, ba kuma ma'aikaciyar ilimi ba. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, 'ya'yana uku. Ɗana na tsakiya yana cikin shirin nan da ake magana a kai, wato ESA, asusun kuɗin karatu da gwamnatin jiha ke buɗe wa yaro, shekara ta uku ke nan, kuma ina gode wa Allah da ya haɗa mu da shi. Saboda haka kada wani ya ɗauka hana mutane alheri na zo yi. Abin da nake so in faɗa shi ne kuɗin nan na yaro ne, amana ce aka danƙa a hannun uwa da uba, kuma akwai abin da ake sarayarwa kafin a karɓe su. Wanda ya ce maka kyauta ake rabawa, rabin labarin ya ba ka.

Bari in fara da yadda abin ya samo asali, domin in ka san tushensa za ka gane dalilin sharuɗɗansa. A 2009 kotun ƙolin jihar Arizona ta soke wani tsari da gwamnati ke biya wa yara masu buƙata ta musamman kuɗin makarantar kuɗi kai tsaye, ta ce tsarin mulkin jiha ya hana a ba makarantu masu zaman kansu da na addini dukiyar jama'a. Sai 'yan majalisa suka canza dabara a 2011: maimakon a biya makaranta, a buɗe wa yaron asusu, a zuba kashi 90 cikin 100 na abin da jiha za ta kashe masa da yana makarantar gwamnati, iyaye su zaɓi abin da za su saya masa na ilimi. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince da wannan a 2013, domin kuɗin ba wata makaranta aka ware wa su ba. Arizona ce jiha ta farko a duk Amurka da ta yi haka, kuma a lokacin yara masu naƙasa kaɗai aka yi wa. Daga baya aka riƙa ƙara wasu: 'ya'yan sojoji, yaran da ke hannun masu riƙo, yaran da ke yankunan 'yan asalin ƙasar, da waɗanda makarantar unguwarsu ta samu mummunan sakamako. A 2017 majalisa ta so ta buɗe wa kowa, mutanen jiha suka kai maganar akwatin zaɓe a Nuwamban 2018, kusan kashi 65 cikin 100 suka ce ba su yarda ba. Duk da haka a Yulin 2022 Gwamna Doug Ducey ya sa hannu a dokar da ta buɗe shirin ga duk yaron da ke zaune a jihar, mai kuɗi da talaka. Kafin wannan doka yaran da ke ciki ba su wuce 12,000 da ɗoriya ba. Zuwa 2024 sun haura 70,000.

Yanzu ga yadda ya shigo gidana. Ɗana ya kai aji uku bai iya karanta layi ɗaya a littafi ba tare da ya tsaya yana haɗa gumi ba. Yaro ne da zai ba ka labarin duk abin da ya ji a rediyon mota, ya haddace gajerun surori da ka tun kafin yayarsa, amma ka sa masa takarda a gaba sai ya fara ciwon ciki. Mun yi masa faɗa. Babansa ya hana shi kallo, ni na zaunar da shi har dare ina nuna masa harafi da yatsa, yana kuka ina jin haushi. Wata gwaggonsa a waya ta ce a nemi rubutu a ba shi ya sha, wani kuma ya ce wasa ne ya yi masa yawa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa kiransa daƙiƙi a gaban ƙanwarsa, kuma har gobe in na tuna yadda ya sunkuyar da kai sai ƙirjina ya yi nauyi. Wata malamarsa ce ta ja ni gefe ta ce in rubuta takarda in nemi hukumar makarantun yankin ta gwada shi. Ban san ina da wannan haƙƙin ba, ban kuma san kyauta ne ba. Gwajin ya nuna yana da abin da ake kira disleksiya, wato ƙwaƙwalwarsa na wahalar haɗa harafi da sautinsa, alhali basirarsa lafiya lau take.

Makarantar ta rubuta masa takardar IEP, wadda ke fayyace taimakon da za a riƙa ba shi. Sun yi ƙoƙari, ba zan zalunce su ba. Amma malamar da ke kula da irin su tana da yara da yawa, mintuna kaɗan take samu da shi a cikin rukuni, kuma shekara ta zagayo bai matsa ba sai kaɗan. Nan ne muka zauna da babansa muka yi shawara, muka yi istihara, muka nemi ESA. Da kuɗin muke biyan wata ƙwararriya da ta koyi hanyar koyar da masu disleksiya, tana zama da shi shi kaɗai sau huɗu a mako. Muna biyan darasin lissafi da kimiyya ta intanet, muna sayen littattafan da ake saurara yana bin rubutun da ido, sauran kuma ni nake yi da shi da rana bayan na ɗan runtsa. Ranar da ya karanta mini allon kan hanya tun daga farko har ƙarshe muna tafe a mota, sai da na faka a gefen titi domin hawaye ya hana ni ganin gabana. Wannan shi ne alherin shirin, kuma ba ƙarami ba ne: kuɗin da jiha ta riga ta ware wa yaro su bi shi zuwa inda ciwonsa yake, maimakon a ce dole ya zauna a aji ɗaya da yara 30 a yi musu magani iri ɗaya.

Amma yayarsa tana makarantar sakandaren gwamnati, kuma ko da wasa ban yi tunanin cire ta ba. Tana ɗaukar darussan da ake lissafa mata a matsayin na kwaleji, akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ba zan iya gina mata a gida ba, bas na ɗaukarta a bakin layi ya dawo da ita. Autarmu ma tana firamaren unguwa, tana jin daɗin malamarta. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma abin da ya dace da wannan bai dace da wancan ba. In har akwai ma'ana a cikin shirin nan, to ita ce ka dubi kowane yaro shi kaɗai. Wanda ya kwashe 'ya'yansa huɗu rana ɗaya domin ya ninka 7,000 sau huɗu, lissafin kuɗi ya yi, bai dubi yaro ko ɗaya ba.

Ga abin da ba a faɗa a zauren WhatsApp. Kafin a buɗe asusun akwai yarjejeniya da za ka sa wa hannu, kuma kowace shekara ake sabunta ta. A ciki ka yi alƙawarin ba za ka sa yaron a makarantar gwamnati ba, har da makarantun cata, wato waɗanda masu zaman kansu ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, su ma kyauta ne. Ka yi alƙawarin zai samu karatu aƙalla a fanni biyar: karatu, nahawu, lissafi, ilimin zamantakewa da kimiyya. Sannan ka sauke wa hukumar makarantun yankinku nauyin ilimantar da shi. Wannan na ƙarshen shi ne mai nauyi. Tun 1975 akwai dokar tarayya, wadda yanzu ake kira IDEA, da ta wajabta wa makarantar gwamnati ba yaro mai buƙata ta musamman ilimin da ya dace da shi kyauta, da mai koya masa magana in yana buƙata, da mai motsa masa gaɓoɓi, kuma in sun gaza kana da hanyar kai ƙara. Ranar da ka karɓi ESA wannan garkuwar ta sauka. Makarantar kuɗi ba dole ba ne ta bi takardar IEP. Tana iya ƙin karɓar yaronka tun farko, tana iya sallamarsa a tsakiyar shekara in ta ga ya yi mata nauyi. Gaskiya ne yaro mai naƙasa yana samun fiye da sauran, wasu masu lalurar galahanga ma asusunsu na haura dala 30,000 a shekara, amma duk wanda ya taɓa biyan ƙwararre da aljihunsa a ƙasar nan ya san yadda irin wannan kuɗi ke narkewa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan kai za ka yi shi, kullum, shekara bayan shekara.

Shawarata ga duk uwar da take zargin ɗanta na da wata matsala, ko ta karatu, ko ta magana, ko ta zama wuri ɗaya: a gwada shi tukuna yana cikin makarantar gwamnati, a samu takarda a hannu, sannan a yi tunanin fita. Takardar ce ke sa a ƙara masa kuɗi in ya cancanta, ita ce kuma za ta gaya miki irin malamin da za ki nema. Na san abin da ke hana mu. Muna tsoron a ce ɗan wance yana da taɓin ƙwaƙwalwa, labari ya kai gida, a riƙa nuna shi. Ni ma na ji wannan tsoron, na ɓoye takardar gwajin wata da watanni ko surukata ban gaya wa ba. Shekara biyu da muka ɓata muna faɗa da yaron nan, da mun gwada shi da wuri da bai sha wahalar da ya sha ba.

Sai maganar abin da makarantar gwamnati ke yi maka wanda ba ka lura da shi sai ka bar ta. Bas. Karin kumallo da abincin rana ga wanda samunsa bai kai ba. Darasin Turanci na musamman ga yaron da ya zo bai iya ba, wanda wajibi ne a kansu su ba shi. Ita baƙuwar nan ta wurin suna, 'ya'yanta yanzu suke koyon harshen, mijinta yana fita da mota ɗaya tilo tun asuba. A watan Agusta da ake komawa makaranta zafin Finiks na haura digiri 43, wa zai kai yara huɗu makarantar da ke wata unguwa ya ɗauko su? In kuma a gida za su zauna, wa zai koya musu lissafin aji shida da Turanci? Sannan makarantun kuɗi da yawa kuɗinsu ya fi abin da ke cikin asusun, musamman sakandare, cikon daga aljihunka zai fito, ban da kayan makaranta da kuɗin rajista. Kafin mutum ya kai ga ESA ma akwai ƙofofin da ba su da wannan nauyi: tun 1994 dokar Arizona ta ba ka damar neman wa ɗanka gurbi a makarantar gwamnati ta wata unguwa in akwai wuri, ko a makarantar cata, ba ka biya ko sisi ba, ba ka kuma sarayar da haƙƙinsa ba.

Shi kansa asusun aiki ne. Kuɗin ba hannunka ake ba ka ba. Kashi huɗu ake zuba su a shekara a wata manhaja mai suna ClassWallet, daga nan kake biyan makaranta ko malami, ko ka saya da kuɗinka ka tura rasit a mayar maka. Akwai lokacin da na jira makonni kafin a mayar mini, ga haya ta zo. Kowane rasit sai an adana, kowane malami sai ya nuna takardar shaidar karatunsa. Ina da jaka guda a ƙarƙashin gado da ba komai a ciki sai takardun yaron nan. Abin daɗin shi ne abin da ya rage ba ya ƙonewa, yana tsallakawa shekara ta gaba, har yaro na iya amfani da shi a kwaleji a nan jihar bayan ya gama sakandare. Ke nan duk dalar da aka karkatar yau, daga kuɗin jami'ar yaron aka zare ta.

Yanzu na zo kan mai gareji, kuma malamai, a nan nake roƙon ku saurare ni. Dokar ta faɗa ƙarara cewa makaranta ko mai koyarwa ba zai raba kuɗin ESA da iyaye ba, ba zai mayar musu da wani kaso ta kowace hanya ba. Abin da ake shiryawa a zauren nan, a rubuta rasit na darasin da ba a yi ba a raba kuɗi, sunansa zamba. Ana kama mutane a kai. A Fabrairun 2024 babbar lauyar jiha, Kris Mayes, ta gurfanar da wasu mutane, ciki har da tsofaffin ma'aikatan ma'aikatar ilimi uku, bisa zargin ƙirƙiro yaran da babu su a duniya suka kwashi sama da dala 600,000. A ƙarshen shekarar aka sake gurfanar da wasu mutum biyu da ke zaune a jihar Kolorado kan irin wannan. Wani zai ce ai yanzu in sayayya ba ta kai dala 2,000 ba tana wucewa ba tare da an duba ba. Haka ne, ma'aikatar ilimi a ƙarƙashin Tom Horne ta fara hakan a ƙarshen 2024 saboda takardu sun yi mata yawa, amma ta ce za ta bi baya ta bincika, kuma tana bi. Wanda aka samu ana rufe asusunsa, a ce ya biya, a miƙa shi ga masu gabatar da ƙara. Mu kuma namu ya fi na ɗan ƙasa muni. A dokar shige da fice ta Amurka, laifin zamba da asararsa ta haura dala 10,000 yana cikin manyan laifukan da ke sa a kori mutum ko da yana da katin zama na dindindin. Kuɗin yara biyu na shekara ɗaya sun wuce wannan adadi. Mutum ya yi shekara 15 yana wahala a ƙasar mutane, ya zubar da komai saboda rasit na ƙarya.

Ko da ba a kama kowa ba, ku malamai kun fi ni sanin hukuncin wanda ya ci dukiyar jama'a da wanda ya ci haƙƙin yaron da ke ƙarƙashinsa. Na ji wasu na cewa ai kuɗin gwamnatin da ba ta Musulunci ba ne, ba komai. Kuɗin harajin maƙwabcinka ne, da nawa, da na matar da ke goge bene a asibiti da dare. Ina roƙon a yi huɗuba a kan wannan, a kira abin da sunansa, domin maganar da liman ya faɗa a kan mumbari ta fi wasiƙata isa kunnen maza. Ku tuna kuma mu 'yan tsiraru ne da ido ke kanmu. Ranar da aka ce an kama Musulmi 'yan Afirka suna wawure kuɗin karatun yara, ba sunan mutum ɗaya za a kira ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma makarantun Islamiyya na gaskiya da ke karɓar ESA bisa ƙa'ida su za su fara ɗanɗana kuɗarsa.

Ba ina cewa kada mu buɗe makarantunmu ba. Na san ƙishin da ke ran kowace uwa a nan: yaro ya tashi ya iya sallah, ya san Alƙur'ani, ya ji Hausa, kada ya dawo gida da tarbiyyar da ba mu san ta ba. Doka ma ba ta hana ba. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2020, ta sake a 2022, cewa in jiha ta buɗe irin wannan shiri ba za ta ware makarantun addini ba, kuma wannan ya haɗa da namu kamar yadda ya haɗa da na Kirista da na Yahudawa. Amma ga inda nake jin tsoro. Arizona ba ta tilasta wa makarantar kuɗi ɗaukar malamai masu lasisi ba, ba ta kuma tilasta wa yaran ESA zana jarrabawar jiha ba. Ma'ana babu wanda zai zo ya gaya maka ɗanka ya koma baya. Za ka iya biya shekara huɗu kana ganin yaro na fita da jaka yana dawowa, sai ranar da zai shiga sakandare a gane bai iya raba lamba ba. An ga irin haka a jihar Luwiziyana, inda masu bincike suka bi yaran da aka mayar makarantun kuɗi da tallafin gwamnati suka tarar lissafinsu ya faɗi ƙasa da na takwarorinsu da suka zauna a makarantar gwamnati. Sunan makarantar kuɗi ba ya koyar da yaro. Saboda haka duk ɗan'uwan da zai buɗe makaranta da sunan al'ummarmu, ya ɗauki malamin lissafi da ya karanci lissafi, ya rubuta kuɗin makaranta a fili kowa ya gani, kada ya ɗaga shi daidai da abin da ya ji gwamnati na bayarwa, kuma ya yarda a riƙa yi wa yaran jarrabawar waje sau ɗaya a shekara a nuna wa iyaye sakamako. Ni haka nake yi wa ɗana, daga cikin asusun nake biya, domin so na uwa yana iya rufe mini ido.

Akwai wani ɓangare da ya kamata mu sani ko da ba mu da ƙuri'a da yawa. Shirin nan rigima ake yi a kansa. A shekarar farko bayan an buɗe wa kowa, kusan kashi uku cikin huɗu na sababbin masu nema yara ne da dama can ba sa makarantar gwamnati, wato iyayen da suke iya biya da kansu. Binciken cibiyar Brookings a 2024 ya nuna unguwannin masu hali sun fi na talakawa cin moriyarsa. Kuɗin da jiha ke kashewa a kai sun kai ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara, kuma Gwamna Katie Hobbs tun da ta hau a 2023 take neman a taƙaita shi, majalisa na ƙi. Ni ina amfana, amma ba zan rufe ido in ce masu suka ba su da hujja ba, domin 'ya'yana biyu da mafi yawan 'ya'yan al'ummarmu suna makarantun da ke rasa ɗalibai da kuɗi. Dokar da majalisa ta yi, majalisa na iya canza ta. Wanda zai gina rayuwar yaransa a kanta ya ajiye wannan a ransa. Kuma don Allah a daina yi wa waɗanda suka bar 'ya'yansu a makarantar gwamnati kallon marasa kishin addini. Na ji an faɗa wa wata haka a gabana, ta yi shiru, na san kuma aiki biyu take yi.

'Yan'uwanmu na wasu jihohi da wasiƙar nan za ta iya kai wa, kowace jiha da dokarta, kada ku ɗauki ta Arizona ku auna taku. Fulorida ta buɗe nata ga kowa a 2023. A Teksas Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a Mayun 2025, da dala biliyan 1 a karon farko, kusan dala 10,000 ga yaron da zai shiga makarantar kuɗi, 2,000 kacal ga mai karatu a gida, kuma tunda kuɗin na da iyaka ba duk mai nema zai samu ba. Mutanenmu na Bronx kuwa, jihar Niyok ba ta da irin wannan shiri, duk wanda ya ce ku biya shi ya cike muku fom ɗinsa cutar ku zai yi. Ko a nan Arizona neman kyauta ne a shafin ma'aikatar ilimi, takardar haihuwar yaro da shaidar zama a jihar ake buƙata.

Abin da nake nema a wurin shugabanninmu ba shi da yawa. A sa rana ɗaya bayan sallar Juma'a ko ranar Lahadi, maza da mata, a kawo yarjejeniyar nan a karanta ta layi-layi a fassara da Hausa, har da Zabarmanci da Fulatanci in akwai masu buƙata. A gayyato cikin 'ya'yanmu waɗanda suka zama malaman makaranta a nan su yi bayanin gwaji da takardar IEP, domin iyaye su ji daga bakin nasu cewa ba abin kunya ba ne. A samu mutum biyu ko uku da sabon zuwa zai kira kafin ya cire yaro daga makaranta. Ni zan zo da jakata ta ƙarƙashin gado, da rasit da sakamakon jarrabawar ɗana na shekara uku, mai kyau da marar kyau, duk mai so ya duba.

Ke kuma ƙanwata da muka haɗu a wurin suna, ban karɓi lambarki ba, amma na san wasiƙar nan za ta iso ki. Ki bar yaran a inda suke wannan shekarar su kama harshe. Ki je taron iyaye da malamai, ki nemi tafinta, haƙƙinki ne su samo miki. In shekara ta ƙare kika ga akwai wanda a cikinsu makarantar ba ta yi masa ba, ki neme ni ta hannun matar liman, mu zauna mu duba nasa shi kaɗai.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku,
uwar yara uku, Finiks, Arizona